Mudun Auna Asibiti A Kan Ciwon Kirci

An rubuta wannan takarda domin magidanta da matan aure na ƙasar Dawakin Kudu da Kura da Bunkure. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, tun ba matan cikin gida ba, gama su ne ke kwana zaune in yaro yana susa.

Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne, ba likita ba. Amma na daɗe a wannan aiki, na kuwa ga abu guda yana maimaituwa kowace shekara. Da iskar hunturu ta kaɗa, sai masu ƙaiƙayi su cika mana rumfa. Waɗansu mukan iya da su. Waɗansu mukan tura su babban asibiti, sashen sha-ka-tafi, watau inda ake duba mutum a ba shi magani ya koma gida, ba a ba shi gado ba. In sun komo nakan tambaye su yadda aka yi. Wani ya ce, "Malam, asarar kuɗin mota kawai na yi. Ko allura ba a yi mini ba, wai in riƙa shafa mai." Wani kuwa ya zo yana murna da leda cike da magani iri shida, bai san sunan ciwonsa ba, bai san wanda zai fara sha ba. Na farkon ya kushe aiki mai kyau, na biyun ya yabi aikin banza. Dukansu da mugun mudu suka yi awo. Kai manomi ne, ka san ɓarnar mugun mudu a kasuwa. To, ina so in nuna maka mudun gaskiya.

Mene ne kirci?

Sunayen ciwon fata sun cakuɗe a bakin jama'a. Akwai ciwon da likitoci ke kira ekzima. 'Yan boko da yawa in sun ce ekzima kyasbi suke nufi, alhali kuwa ciwo biyu ne dabam. A nan zan kira shi kirci, yadda manya suke faɗi. Kada a haɗa shi da kircin shanu, wannan wani ciwo ne nasu.

Fatar mai kirci kamar tulu ce mai tsaga. Damshin ciki yana yoyewa, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta suna samun ƙofar shiga. Sai fata ta bushe, ta yi furu-furu, ta kama ƙaiƙayi. A sosa ta ƙara tsagewa, ta tsage ta ƙara ƙaiƙayi. Ga jinjiri yakan fito a kumatu da bayan hannu da ƙwauri. Ga yaro mai wayo da babba yakan zauna a lanƙwasar gwiwar hannu, da bayan gwiwar ƙafa, da wuya. Littattafan Turawa sun ce wurin yakan yi ja. A jikinmu ba kasafai ake ganin ja ba, sai dai wurin ya yi duhu ko ya yi toka-toka, ya yi kauri kamar fatar jima, wani lokaci da 'yan ƙuraje ƙanana a gindin gashi.

Ba a ɗaukar kirci daga mutum zuwa mutum. Kada a ware wa yaro kwano, kada a hana shi makaranta. Yakan bi jini, tare da asma da yawan atishawa. Yakan lafa ya komo, kuma yara da yawa sukan rabu da shi in sun girma. Riƙe wannan, gama da shi za ka gane mai yi maka ƙarya: duk wanda ya ce zai cire maka shi daga jiki da allura ɗaya, kuɗinka yake so.

Akwai wani irin kuma da sana'a ke jawowa, shi ne ya fi yawa ga manya a yankinmu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya zama sana'ar dubban mutane. Arziki ya zo, ya kuwa zo da nasa. Mai dashen shinkafa yana yini da ƙafa cikin taɓo. Mai watsa takin zamani yana ɗiba da hannu tsirara. Mai feshin tumatir maganin yana zubo masa a baya daga tankin da ya goya. Ga marina da sinadaransu, ga magina da siminti, ga mata da garin sabulun wanki, da baƙin lalle mai haɗi, da 'yan kunnen ƙarfe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya tayar da kirci a daidai inda ya taɓa.

Masu kama da shi

Dalilin da ya sa aikin duba fata ke da wuya shi ne, ƙaiƙayi duk ƙaiƙayi ne ga mai susa, amma magani ba ɗaya ba ne. Ƙazuwa wata 'yar ƙwaro ce da ido ba ya gani, tana haƙa rami a fata. Takan kama tsakanin yatsu da wuyan hannu da kugu, ta fi tashi da dare, kuma sai ka tarar gida duka ana susa. Maganinta sai an yi wa kowa da kowa rana ɗaya, an wanke tufafi da shimfiɗa. Makero yakan yi zobe mai tudun baki. Kyasbi yakan yi dabbare-dabbare a ƙirji da baya, ba ya cika ƙaiƙayi ba. Cin ruwa yakan kama tsakanin yatsun ƙafa. Wanda kuwa jikinsa ya ɗauki ƙaiƙayi da fitowarsa daga ruwan magudana, sa'an nan bayan makonni ya ga jini a ƙarshen fitsari, wannan tsagiya ce, maganinta na sha ne.

Wanda ya fi duka muhimmanci shi ne tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, in an shafa masa auduga ba ka ji. Wannan yana iya zama farkon kuturta. Kuturta tana warkewa sarai da maganin wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 ake ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin baƙin ciki ne mutum ya shekara biyu yana shafa man kyasbi a kan irin wannan tabo har yatsu su fara mutuwa.

Mudun da kansa

A shekarar 1966 wani likita mai suna Avedis Donabedian, haifaffen Bairut, malami a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ya bayyana hanyar auna aikin asibiti wadda har yanzu ake bi a duniya. Ya ce a dubi abu uku: kayan aikin da ke wurin, da yadda aka yi aikin, da abin da ya sami mara lafiya daga baya. Manomin Kadawa bai bukatar a yi masa dogon bayani. Akwai magudana, akwai yadda aka raba ruwa, akwai abin da ya shiga buhu. Mutanenmu kuwa na farkon kaɗai suke kallo, watau girman gini da fenti da injuna. Ciwon kirci ba ya bukatar inji. Abin da yake bukata daga gini kaɗan ne: ɗaki mai haske, da labule, da ruwan wanke hannu, da ɗakin magani wanda ke da magani a ciki. Sauran duk yana ga yadda aka yi aikin.

Abu na fari, an dubi fatar? Kada ka yi dariya. Akwai inda layi ke da tsawo har mai dubawa ya rubuta magani bai ɗaga kai daga takarda ba. Ka ce ƙaiƙayi, ya rubuta, a kira na gaba. Wannan ba duba ba ne, ko da farfesa ne ya yi shi. Mai aiki na ƙwarai zai sa a tuɓe wa yaro riga, ya juya shi wajen taga, ya buɗa tsakanin yatsunsa, ya dubi kansa da bayan kunnensa da bayan gwiwa, ya taɓa wurin da hannu. Kai ma da naka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sha ganin dattijo ya nuna hannu kawai, alhali ciwon yana cinya. Mace kuwa tana da iko ta roƙi a sa labule, ta roƙi ma'aikaciya mace ta duba ta ko ta tsaya a wurin. Asibitin da ya tanadi wannan tun ba a roƙa ba, sa masa lada a mudunka.

Na biyu, an yi maka tambaya? Tun yaushe ya fara? Wa ke susa a gidan ban da kai? Akwai mai asma a dangi? Mece ce sana'arka? Yana sauƙi in ka bar gona kwana biyu? Da wane sabulu kake wanka? Me ka riga ka shafa? Wannan ta ƙarshe ita ce mutane suka fi ɓoyewa don kunya. Kada ka ɓoye. Man da ka saya a kemis yana sauya kamannin ciwo har ya ruɗa likita. In sassaƙe ka sha, ko toka ka shafa, ko man birki irin na samari masu ƙarambani, faɗi. Ba kotu ka zo ba.

Na uku, shi ne nake so in daɗe a kai, an yi maka bayani da Hausar da ka gane? Maganin kirci a gida ake yinsa, ba a asibiti ba. Minti biyar kake yi gaban likita, sauran kwanakin kai ne likitan. In ka fito ba ka san abin yi ba, an sallame ka hannu wofi ko da ledarka ta cika.

Ga abin da ya kamata ka ji. Tushen magani shi ne mai mai laushi wanda ba turare a ciki, kamar basilin fari ko man kaɗanya tatacce. A shafa aƙalla sau biyu a yini, jiki duka, musamman da fitowa daga wanka tun jiki yana da damshi. A shafa da yawa. Yaron da kirci ya kama masa jiki duka yana iya cinye giram 250 a mako ɗaya. Ba a dainawa don ƙuraje sun lafa. Wanka kuwa da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, kada a daɗe. A ajiye soso. Na san iyaye mata suna ganin dirza ita ce tsabta, amma dirzar fatar mai kirci kamar noma ne a kan gyambo. A rage sabulu, a bar sabulun magani mai ƙarfi da ruwan kwalba mai kashe ƙwayoyi da ake ɗigawa a bokiti. A yanke wa yaro farce, a sa masa tufar auduga.

Sa'an nan akwai man bututu mai kwantar da kumburi, wanda likitoci ke kira sitiroyid. Tun 1952 aka fara shafa na farkonsu, haidurokotizon, a Amurka, kuma har yau da danginsa ake aiki. Suna da daraja-daraja kamar barkono. Mai sauƙi na fuska ne da jarirai. Mai ƙarfi na hannu ne da ƙafa inda fata ta yi kauri. Mai aiki na ƙwarai zai gaya maka inda za ka shafa, da sau nawa, da ranar da za ka tsaya, yawanci mako ɗaya zuwa biyu. Zai kuma nuna maka gwargwado. A matso man a kan yatsan manuni na babban mutum, daga gaɓar ƙarshe zuwa bakin yatsa. Wannan kamar rabin giram ne, ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu har da yatsu. A kan ciwon kaɗai ake shafa shi, ba jiki duka ba. Kada kuma tsoro ya sa ka ƙi shafawa. In an bi ƙa'ida, magani ne mai kyau ƙwarai.

Ɓarna tana zuwa ne daga man nan mai haɗi uku da ake sayarwa ko'ina, har a tire a tasha. A cikinsa akwai sitiroyid mai ƙarfi, da maganin makero, da maganin ƙwayoyi. Yana kwantar da kowane ƙaiƙayi cikin kwana biyu, shi ya sa ake yabonsa. Amma in an daɗe ana shafawa, fata takan yi siriri, ta yi nankarwa, ta koɗe, ƙuraje su feso a fuska. Makero da ƙazuwa kuwa ƙara bazuwa suke yi a ƙarƙashinsa. Waɗansu iyaye har cikin man jariri suke matsa shi. Don Allah a bari. Jikin jariri yana tsotse shi ya shiga jini. Duk inda aka miƙo maka irin wannan ba a dubi fatarka ba, ka san mudun wurin bai cika ba.

Maganar allura

Na san za a ce, to allurar fa? Akwai allurar sitiroyid, gaskiya ne, tana kuwa share ƙaiƙayi kamar an yi ruwa an ɗauke. Bayan 'yan makonni ciwon ya komo, sau da yawa ya fi na da. A sake yi. Mai yawan karɓarta yakan yi kumburin fuska, sukarinsa ya hau, jininsa ya hau, ƙashinsa ya yi rauni. Likitan da ya hana ka ita ya fi wanda ya yi maka ƙaunarka. Ƙwayar nan mai sa barci da ake ba masu ƙaiƙayi, ita ma barcin kawai take taimakawa, ba ta gyara fata.

Wata shekara wata tsohuwa ta kawo mini jikanta ɗan shekara uku, wuyansa da bayan gwiwoyinsa sun yi baƙi sun tsattsage. Ta zazzage mini buhun leda a tebur, na ƙirga bututu bakwai. An kai shi wurare uku, ba zan faɗi suna ba, ba inda aka tuɓe masa riga. An hana shi ƙwai da kifi da gyaɗa da nono, wai su ke tayar da ciwon, yaro ya rame har haƙarƙari a waje. Na ce, "Inna, wa ya ce a hana shi abinci?" Ta ce, "Ɗan nan, kowa da abin da yake faɗa mini." Na rubuta mata takarda zuwa babban asibiti. Allah ya haɗa ta da mai haƙuri. Ya duba yaron daga kai har ƙafa, ya ba ta bututu ɗaya, ya ce ta sayi basilin babban gwangwani, ta jefar da soso, ta mayar masa da abincinsa. Ta komo tana ƙorafi, ta ce ita ba ta ga abin da aka yi ba. Bayan mako biyu sai ga ta da ƙwan zabi a ƙwarya, ta ce yaro yana kwana har asuba.

Kada a hana yaro abinci saboda kirci sai likita ya tabbatar wani abinci ne ke tayar masa, kuma kada a yaye jinjiri saboda shi. Ba nonon uwa ba ne ya ɓaci.

Lokacin da ba a jira

In wurin ya fara tsiyayar ruwa, ya yi ɓawo ruwan zuma, ko mugunya, ko yaro ya yi zazzaɓi, ƙwayoyin cuta sun shiga, a komo ran nan. In ƙuraje masu ruwa suka feso a taru, suna zafi, suka fashe suka bar 'yan ramuka iri ɗaya, musamman kusa da ido, wannan na gaggawa ne, ko da dare a tafi. Haka in jiki duka ya kumbura yana saɓa. Haka kuma in bayan gyambunan fata fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya yi kalar shayi, gama wannan ƙoda ce ta taɓu. Asibiti na ƙwarai zai faɗa maka waɗannan alamu tun kafin ka fita.

Na ƙwarai kuma ya san iyakarsa. Likitocin fata kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu suna manyan birane. Hanyar ita ce daga ɗakin shan magani zuwa babban asibiti, kamar na Dawakin Kudu ko na Kura, in abin ya gagara a tura ka birni, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Wanda ya ce maka, "Wannan ya fi ƙarfina, ga takarda," bai gaza ba. Ka tabbata dai takardar ta faɗi abin da aka gani da maganin da aka riga aka ba ka, don kada a koma farko.

Abin da ya shiga buhu

Awo na ƙarshe a gida ake yinsa, bayan mako biyu. Kada ka auna da launin fata. Tabon kirci, baƙi ko fari, yakan yi watanni kafin ya baje, wannan ba laifin magani ba ne. Auna da barci. Dare nawa cikin bakwai yaro ya farka yana susa? Akwai jini a zanen shimfiɗa? Mai noman rani, hannunka ya bar tsagewa har kana iya riƙe fartanya? In an samu sauƙi, a ci gaba da mai. In ba a samu ba, koma inda ka fara, kada ka sauya asibiti kowane mako, gama wanda ya ga ciwon da fari shi ya fi sanin ko ya motsa. Shi ya sa nake ƙirga ranar komawa cikin mudu. Wurin da ya rubuta maka rana, ya kuma nemo katinka in ka je, ya san aikinsa.

In kuwa an wulakanta ka, ko an ƙi yi maka bayani, kana da bakin magana. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙin marasa lafiya. A cikinta akwai haƙƙin a yi maka bayani da harshen da kake ji, a rufa maka asiri, a gaya maka kuɗin da za ka biya, ka kuma kai ƙara in ba ka gamsu ba. A asibitocin tarayya akwai teburin SERVICOM na karɓar koke. A ƙauye kuwa akwai shugaban asibitin, akwai kwamitin ci gaban mazaɓa mai sa ido kan ɗakin shan magani, akwai dagaci. Ka faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru, ban da zagi. Ka tuna kuma ma'aikacin da ya duba mutum ɗari kafin azahar shi ma ɗan Adam ne. Wani lokaci gyaran ba tsawa ba ne, ƙarin ma'aikata ne, wannan kuwa sai jama'a sun haɗa baki sun nema.

Masu noman rani, ku nemi takalmin roba dogo da safar hannu domin taki da feshi, ku wanke jiki da zarar an tashi, ku shafa mai kafin barci. In robar ce da kanta ke tayar muku, ku sa safar auduga daga ciki, ku kuma gaya wa likita.

Ranar zuwa asibiti a yi sammako, gama layin kati shi ke cin rana. A zo da katin da, da duk bututun da aka taɓa shafawa ko da ya ƙare, da sabulun da ake wanka da shi. A bar wurin ciwon yadda yake da safen nan, kada a shafa masa hoda ko shuni ko lalle. In yaro ne, wadda ke yi masa wanka ita ta kawo shi, ko a zo tare da ita. In babu maganin a ɗakin magani aka ce ka saya a waje, sa a rubuta maka sunansa sarai, ka dubi lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin, kada kuma ka yarda mai kemis ya musanya maka da wani wai ya fi ƙarfi.